James Hadley Chase: Ɗan Tallan da Ya Ƙera Amurka da Taswira

  

Da aka ce in yi magana kan rayuwar wani marubucin littattafan araha, irin waɗanda ake cinyewa a dare ɗaya a miƙa wa na gaba, ban sha wahalar zaɓe ba. Na san a ɗakin nan akwai masu furfura da yawa waɗanda ba daga Shakespeare suka fara jin zaƙin Turanci ba. Daga James Hadley Chase suka fara, ni ma kuwa haka.

Ina aji biyu a makarantar kwana littafinsa ya fara shigowa hannuna. Ba shi da bango, don an yage hoton macen nan mai riƙe da bindiga saboda kada malamin gida ya gani, an naɗe shi da takardar buhun siminti. An kuma tsaga shi gida biyu daga tsakiya, domin mutum biyu su riƙa karantawa lokaci guda: kana gama kashin farko sai ka je ka tsaya a kan mai kashi na biyu. Sunan littafin The World in My Pocket, labarin mutum biyar, huɗu maza ɗaya mace, da suka shirya sace motar sulke mai ɗauke da albashin dala miliyan ɗaya. Na karanta shi cikin bargo da tocila, batir yana mutuwa ina cizonsa. Da na zo ƙarshe sai na tarar shafukan baya sun zube. Na kwana ina juyi. Wannan zafin da na ji a daren, shi ne abin da nake so mu bincika yau: wane ne mutumin da ya iya hana yaro barci a wata ƙasa da bai taɓa takawa ba, a cikin harshen da yaron bai gama koya ba, kuma ina ya koyo wannan sana'a?

Abu na farko da bai taɓa zuwa mana a rai ba a lokacin shi ne, ba Ba'amurke ba ne. Sunan ma ba nasa ba ne. Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond, an haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906. Mahaifinsa kanar ne a rundunar sojan Ingila ta Indiya, likitan dabbobi, kuma burinsa ɗan ya karanci kimiyya. Ya sa shi a King's School da ke Rochester. Yaron bai bi wannan hanya ba. Yana ɗan shekara 18 ya bar gida ya shiga neman na kansa, kuma aikin da ya samu shi ne tallan kundin ilimi na yara, gida gida, yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ina so mu ɗan tsaya a bakin wannan ƙofar, domin a ganina nan ne makarantarsa ta gaskiya. Duk wanda ya taɓa talla ya san abin da nake nufi. Ka ƙwanƙwasa, matar gida ta leƙo, hannunta da kumfar wanki, tukunya na kan wuta, yaro na kuka a ciki. Ba ta kira ka ba, ba ta neman abin da ka kawo. Abin da ke tsakaninka da rufe ƙofa bai wuce numfashi uku ba. In maganarka ta farko ba ta kama ta ba, ba za ka samu damar yin ta biyu ba. Mai wannan aiki ba ya koyon doguwar shimfiɗa. Yana koyon yadda ake sa mutum ya ce "to, sai me?" Ku ɗauki duk littafin Chase da kuka ga dama ku buɗe shafin farko, za ku ga mutum tsaye a bakin ƙofa yana tsoron kada a rufe. Ba ya bayanin yanayin gari na shafi uku. Kafin ka juya shafi an riga an nuna maka wanda ke cikin matsi, da kuɗin da ke kusa da shi waɗanda ba nasa ba.

Daga talla ya koma kamfanin Simpkin Marshall, manyan dillalan littattafai na Landan masu sayar wa kantuna a sari. A nan ya ga kasuwa daga ciki: wane littafi ake dawowa a ƙara oda, wanne ke kwana a kan kanta yana shan ƙura. Yawancin marubuta sukan rubuta littafi sannan su je neman mai saye. Shi ya san mai saye shekaru da dama kafin ya rubuta layi ɗaya. Ya yi aure a 1932, suka sami ɗa guda, ya ci gaba da zama ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata har ya haura shekara 30.

Abin da ya ga yana tafiya a kasuwar kuwa kayan Amurka ne. A 1896 wani mai buga mujallu a New York, Frank Munsey, ya mayar da mujallarsa Argosy ta koma labarai zalla, yana buga ta a kan takarda mafi araha, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace, mai kaushi, mai saurin yin ja ta kakkarye. Sunan wannan niƙaƙƙen itace da Turanci pulp, kuma shi ya bi irin waɗannan labarai har yau. Ana sayar da mujallar senti 10. Marubutan irinta da ƙirgen kalma ake biyansu, galibi senti ɗaya kowace kalma, saboda haka mai son tukunyarsa ta tafasa dole ya yi ta zubawa ba hutu. A 1920 aka kafa mujallar Black Mask, inda Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka yi suna da wani salo na gajerun jimloli, masu bushewa, babu kuka babu wa'azi. Zamanin ma ya ba su abin rubutawa. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta giya a Amurka, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba, aka sami su Al Capone. Tattalin arziki ya karye a 1929, 'yan fashin banki suka cika jaridu. A 1935 jami'an tsaro suka harbe wata tsohuwa da ake kira Ma Barker a Florida, uwar wasu 'yan fashi da satar mutane.

Raymond yana Landan yana karanta duk wannan. Ya karanta The Postman Always Rings Twice na James M. Cain, wanda ya fito a 1934, ya ga yadda mutane ke wawasonsa, ya ce a ransa shi ma zai iya. Bai taɓa zuwa Amurka ba. Sai ya nemo taswirori, da ƙamus na karin maganar 'yan tasha na Amurka, da littattafan da ke bayanin duniyar 'yan daba, ya baje su a kan tebur. A cikin hutun ƙarshen mako shida ya gama No Orchids for Miss Blandish, kamfanin Jarrolds ya buga shi a 1939.

Labarin 'yar wani attajiri ne da wasu ƙananan ɓarayi suka tare don sarƙar lu'ulu'un da ke wuyanta, suka kashe saurayinta, suka tafi da ita. Sai wata ƙungiya da ta fi su mugunta ta ƙwace ta daga hannunsu, ƙungiyar wata tsohuwa, Ma Grisson, da ɗanta Slim, wanda kisa ba ya yi masa nauyi. Aka karɓi kuɗin fansa, ba a sake ta ba, aka yi ta ɗura mata ƙwaya ana ajiye da ita saboda Slim. Da ɗan bincike Dave Fenner ya gano inda take aka kuɓutar da ita, ba ta koma gida ba, ta faɗo daga tagar bene ta mutu. Ku lura da abu ɗaya: daga farkon littafin har ƙarshensa ba a taɓa faɗin sunanta na yanka ba. 'Yar Blandish ce kawai, kamar yadda za a ce motar wane ko gonar wane. Mu da satar mutane don kuɗin fansa ta zame wa abin da muke kwana da shi muke tashi da shi, ba za mu iya karanta wannan littafi yau da irin sakin jikin da muka karanta shi da can ba. Na sake buɗe shi bara, ban iya gama shi a zama ɗaya ba.

Littafin ya fito ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya fi tashe a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan. Mutane na ɓoye a ramuka suna karanta labarin harbe-harben wata ƙasa. Wannan ne ya ɗaure wa George Orwell kai har ya rubuta maƙala a kansa a 1944, mai suna Raffles and Miss Blandish. Orwell bai raina gwanintar ba. Ya yarda cewa aikin gwani ne, da wuya ka sami kalmar da aka ɓarnatar. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne duniyar da ke cikin littafin, inda babu nagari babu mugu, sai mai ƙarfi da marar ƙarfi, kuma ɗan sanda yana cin nasara ne kawai don ya fi ɓarawo kayan aiki. Ya ce wannan bautar ƙarfi ce, irin tunanin da ya haifi mulkin kama-karya na zamanin. Ya kuma nuna cewa ƙashin bayan labarin an ɗauko shi ne daga Sanctuary na William Faulkner, wanda ya fito a 1931.

Zargin ɗauko kayan wani bai tsaya nan ba, kuma ba zan rufe shi ba don ina son mutumin. Raymond Chandler ya kama shi da kwashe wasu sassa na rubutunsa ya zuba a littafin Blonde's Requiem, sai da ya buga neman afuwa a mujallar masu sayar da littattafai ta Ingila, The Bookseller. Wanda ya gina gida da taswirar wasu da ƙamus na wasu, ba wuya hannunsa ya zarce zuwa tubalin wasu. Laifi ne, ya kuma amsa shi. Ya taɓa shiga hannun hukuma ma: littafinsa Miss Callaghan Comes to Grief na 1941, kan masu safarar mata zuwa karuwanci, ya kai shi kotun Old Bailey a 1942, aka same shi da laifin buga batsa, aka ci shi tarar fam 100, aka ci kamfanin da ya buga littafin haka, aka hana sayar da littafin.

A lokacin yaƙin yana rundunar sojan sama ta Ingila, ya kai muƙamin da ya yi daidai da manjo, yana cikin masu tace mujallar rundunar. Bai daina rubutu ba. Ya yi amfani da wasu sunayen aro, Raymond Marshall, James L. Docherty, Ambrose Grant. Bayan yaƙi Faransawa suka rungume shi fiye da mutanen ƙasarsa. A 1945 Marcel Duhamel ya buɗe jerin littattafan Série noire a kamfanin Gallimard, don kawo wa Faransawa labaran laifi irin na Amurka. Littafi na ɗaya da na biyu na Peter Cheyney ne, na uku na Chase. Duka biyun 'yan Ingila ne masu rubuta Amurkar da suka gani a takarda. Ya koma Faransa da zama a 1956, daga baya ya wuce Suwizalan. Amurkar kuwa sai can baya ya leƙa ta, gajeruwar ziyara, ya dawo.

Littattafai kusan 90 ya rubuta cikin shekara 45, wato kusan biyu kowace shekara, an kuma yi fina-finai kusan 50 daga cikinsu. Masu son finafinan Indiya a nan za su tuna Shalimar na 1978, na su Dharmendra da Zeenat Aman. Daga littafinsa The Vulture is a Patient Bird aka ɗauko tushen labarin. Ya ƙirƙiri wani gari a Florida da babu shi a taswira, Paradise City, garin attajirai da masu yi musu hidima suna haɗiyar yawu, da ɗan sandansa Tom Lepski. Akwai abokaina da suka yi rantsuwa in sun je Amurka sai sun ziyarci garin.

Amma in ka tattara littattafan nan 90 ka matse su, labari ɗaya ne ke ɗiga, kuma a nan nake ganin ya bambanta da iyayen gidansa na Amurka. Jarumin Chandler ɗan bincike ne mai mutunci da ke ratsa ƙazantar gari ba ta taɓa shi. Mutumin Chase, a mafi kyawun littattafansa, kai ne da ni: mai sayar da inshora, akawun banki, makaniki, direban attajiri. Yana da aiki, albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, ana bin sa bashi. Sai wata rana ƙofa ta buɗe kaɗan ya hango kuɗi.

Ku dubi Come Easy, Go Easy na 1960. Chet Carson ma'aikacin kamfanin akwatunan ajiyar kuɗi ne, aikinsa gyara su da buɗe su in sun ƙi buɗuwa. Kullum hannunsa cikin dukiyar mutane, aljihunsa babu komai. Shi da abokinsa suka shirya buɗe akwatin wani attajiri, abin ya ɓaci, aka kama shi aka kai shi gidan yari mai azaba. Ya tsere, ya faɗa wani gidan mai a tsakiyar hamada, inda mai wurin, Carl Jenson, dattijo mai kirki, ya ɗauke shi aiki ba tare da ya tono asalinsa ba, ya ba shi ɗaki da abinci da amana. Mai karatu ya fara sauke numfashi, yana cewa Allah ya rufa wa bawan nan asiri. Sai ga shi Jenson yana da akwatin kuɗi a gida, irin na kamfanin da Carson ya bari, yana kuma da matashiyar mata, Lola, wadda ta gano ko wane ne baƙon. Ta ba shi zaɓi: ya buɗe akwatin mijinta, ko ta kira 'yan sanda. Kun ga yadda ya ɗaure igiyar. Sana'ar da ta ciyar da mutumin ita ta kai shi kurkuku, ita ce kuma ta biyo shi har inda ya ɓuya ta sa shi gaban cin amanar mutum ɗaya tilo da ya yi masa alheri. Babu aljani, babu tsafi, babu sa'ar da ta faɗo daga sama. Kowane mataki daga na bayansa ya fito. Mu da muka tashi da jin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ba mu buƙaci ƙamus don gane inda aka dosa ba, amma duk da haka ba ma iya ajiyewa, domin yakan sa ka shiga rigar mai laifin har ka riƙa yi masa fatan tsira.

Ina jin wannan ne ya sa ya kama mu a lokacin da ya kama mu. Littattafansa na bugun Corgi da Panther sun cika kantuna da shimfiɗun bakin titi a Kano da Kaduna da Zariya da Jos a shekarun 1970 da 1980, zamanin kuɗin mai, zamanin ƙarin albashin Udoji, lokacin da muka fara ganin wanda kuka tashi tare ya kwana talaka ya wayi gari da mota, ba wanda ya san ta inda aka bi. Tambayar da ke cikin kowane littafinsa, wato me za ka yarda ka aikata in aka ajiye maka dubu ɗari a gabanka, tambaya ce da ke yawo a unguwanninmu. Ga kuma sauƙin Turancinsa. Wanda ya koyi harshen 'yan tasha daga ƙamus ba ya yin nisa da shi, yakan riƙe 'yan kalmomi ya yi ta juya su, saboda haka ɗan aji biyu zai iya bin sa. Baƙuntarsa ga Amurka ita ta sauƙaƙa mana shiga.

Akwai abin da ban gani ba a lokacin, wanda nake gani yanzu, kuma ina so 'yan matan da ke wannan ɗaki su ji na faɗe shi. Mace a wurin Chase, in ka cire kaɗan, ko tarko ce ko ganima. Ko ita ce ke tura namiji ga halaka, ko ita ce kayan da ake sacewa. Baƙar fata kuwa in ya fito, yawanci mai share-share ne ko ɗan aike, wani lokaci da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. Mun haɗiye wannan tare da labarin, muna baƙaƙen yara muna kallon duniya ta idon da bai ɗauke mu bakin komai ba. Wannan ya dame ni da na girma, har yanzu kuma yana damuna. Orwell bai yi kuskure ba da ya ce a lura da abin da littafin araha ke shigarwa cikin kai, domin shi ne wanda ake karantawa da yawa, kuma ana karanta shi ne ba tare da an ɗaura ɗamarar tuhuma ba.

Da littattafanmu na Hausa suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, a kan takarda mai araha, ana ba da hayarsu a shaguna, ana tsaga labari kashi ɗaya da biyu da uku, aka kira su adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu ko adabi ne ko shirme. Duk tuhumar da aka yi musu, ta ɓata tarbiyya, da kwaikwayon baƙi, da rubutu don kuɗi, an riga an yi wa Chase ita a Landan shekara 40 kafin nan. Ba ina cewa daga gare shi suka koya ba, tushensu daban ne, damuwarsu ta aure da kishi da zaman gida ma daban ce. Abin da ya haɗa su shi ne mai karatun da ya cire kuɗinsa ya saya ba don jarrabawa ba. Marubucin da ke gaban irin wannan mai karatu ba shi da malamin da zai tilasta a karanta shi. Yana bakin ƙofa ne kamar ɗan talla.

Shi kansa mutumin bai yi kama da littattafansa ba ko kaɗan. Mace ɗaya ya aura, suka zauna fiye da shekara 50. Ba ya son 'yan jarida, da wuya ya yarda a yi hira da shi, ba ya shiga taron marubuta. Littafinsa na ƙarshe, Hit Them Where It Hurts, ya fito a 1984. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1985, a ƙauyen Corseaux kusa da Vevey, a gaɓar tafkin Geneva, yana da shekara 78. Mu a nan ba mu ji ba. Mun ci gaba da karɓar littattafansa hannu da hannu shekaru bayan haka, muna tsammanin yana can wani bene a Miami yana buga tafireta.

Shekara uku da suka wuce ina wucewa ta wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, na hango The World in My Pocket a shimfiɗe a ƙasa tsakanin littafin lissafi da wata tsohuwar mujalla, da bangonsa, takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. Na tsuguna na buɗe baya na ga shafukan sun cika. A tsugune na karanta su, mai kayan yana kallona bai ce komai ba. Cikin mutum biyar ɗin nan babu wanda ya ci ko sisin kwabo daga dala miliyan ɗin. Na biya shi abin da ya ce ban taya ba, ga littafin nan a aljihuna, wanda yake so ya gani bayan an tashi sai ya zo.